Jirgin yaƙi na roba: da wanne za mu fara?

Abu Khalifa (Jidda): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yarona mai shekara 13 ya tasa ni gaba sai mun haɗa irin ƙananan jiragen yaƙin nan na roba da ake mannawa a yi musu fenti. Spitfire yake so. Ni ban taɓa yi ba. Wanne zan saya, me kuma za mu tanada?

Injiniya (Riyad): Wa alaikumus salam. Spitfire jirgi ne mai kyau, amma in za ka ji tawa, ku fara da Hurricane. Jirgin nan ya bi ta gidanmu. Daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka riƙa kawo shi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a Ghana ta yanzu, a haɗa shi a can. Daga nan ya tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, ya ratsa Chadi, ya sauka Janaina da Fashir da Khartum a Sudan, sannan Alƙahira. Kusan hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa zuwa Hajji ke nan. Yaron da aka haifa a Jidda ya kamata ya riƙe abin da zai sa ya tambayi ina ne Kano.

Abu Khalifa (Jidda): Allahu Akbar. Wallahi ban san wannan ba. Kakana ta Fashir ɗin ya biyo.

Injiniya (Riyad): To ka nemi na kamfanin Airfix mai ma'aunin 1/48, wato na gaske ya ninka shi sau 48, wanda aka rubuta wa Tropical. Za ka ga wani kumburi a ƙarƙashin hancinsa, matatar iska ce da ke tare wa injin ƙura. Faɗin fukafukan na gaske mita 12 ne da ɗoriya, naku zai zo wajen santimita 25. Mai 1/72 ya fi araha, amma kayan cikinsa ƙanana ne ƙwarai, za su gajiyar da yaro.

Malam Ɗanjuma (Makka): Na yarda da Injiniya. Ni a kan gam zan ja kunne. Kada ka kusanci gilashin matuƙi da gam mai kamawa nan take, hucinsa yana sa shi ya yi fari fat, gyaransa da wuya. Farin gam na kafinta za ka ɗiga masa kaɗan. Sauran jikin kuwa Tamiya Extra Thin, mai koren murfi. Ka haɗa ɓangarorin biyu tukuna, ka taɓa bakinsu da burushin, shi da kansa zai bi layin. Kuma kar ku ɓalle kaya da hannu, ko abin yanke farce ya wadatar.

Ummu Salma (Madina): Yayana, ni da 'yata muka yi guda biyu a hutun bara. Fenti mai narkewa da ruwa za ku saya, irin Vallejo, ba shi da warin da zai cika gida ana cikin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Burushi kuwa akwai masu laushi a kantin Jarir. Babban abin shi ne a tsinka fentin ya koma kamar madara. Shafin farko zai fito da muni, yaron zai ce an ɓata. Ku bar shi ya bushe, ku sake, ku kuma sakewa. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke cike layukan jikin jirgin.

Abu Khalifa (Jidda): Na gode ƙanwata. Wane launi?

Injiniya (Riyad): Na hamada, wanda aka yi amfani da shi daga 1941: Middle Stone mai kalar yashi, Dark Earth mai ruwan ƙasa, ƙarƙashin jirgin kuma Azure Blue mai shuɗin sararin sama. Fara da mai haske. In kun zo nuna tsufa, ku tuna bayan Hurricane, daga kujerar matuƙi zuwa wutsiya, yadi ne aka lulluɓa. Kada ku ɗiga ruwan azurfa a wurin wai fenti ya goge, babu ƙarfen da zai leƙo. Wajen hanci da gindin fiffike inda ake takawa, nan ne wurinsa.

Malam Ɗanjuma (Makka): Sai tambura, wato alamomin da ke zuwa a takarda a manna wa jirgin. Ku shafa fanis mai sheƙi tukuna, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙarƙashi su yi ƙyalli. A jiƙa su da ruwan ɗumi, a zame su a hankali. Ɗan mutum-mutumin matuƙin nan ni ba na sa shi, kujerar kaɗai nake wa fenti.

Ummu Salma (Madina): Kuma ku a Jidda da laimar nan taku, ku ba kowane shafi kwana guda, ku kifa masa kwali saboda ƙura. Kar a manta akwatin a mota da rana, robar lanƙwashewa take.

Abu Khalifa (Jidda): Allah ya saka da alheri. Na nuna wa Khalifa hanyar a taswira, ya yarda da Hurricane. Yanzu tambayata yake ko da ya sauka Kano mutane sun fito kallo. Injiniya, turo mini hoton akwatin kada in sayo wani daban.