Sequencing da Hausa: ni dai "babbaƙun halitta" na zaɓa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu aikin ɗakin gwaji a Yaba da Idi-Araba. Har yau ba mu tsayar da kalmar Hausa ta sequencing ba, wato karanta jerin haruffan gadon halitta da na'ura, kuma mun makara. A watan Maris na 2020 aka karanta ƙwayar korona ta mutum na farko da aka samu da ita a Legas, karon farko a Afirka, da hannun cibiyoyin bincike na ACEGID ta Ede da NIMR ta Yaba. Aikin na gida ne, sunan na aro.

Wasu na cewa "jerantawa". Ban yarda ba, domin na'ura ba ta jera komai. Jerin yana nan cikin DNA, sinadarin gado na jiki, tun asali, haruffa huɗu ne, A da C da G da T, kusan biliyan 3 a ɗan Adam. Karantawa kawai take yi. "Tantancewa" kuwa ta yi faɗi, har ɗan takara tantance shi ake yi.

Duk wanda ya riƙe allo ya san babbaƙu: ba, sin, mim-ara, harafi bayan harafi, babu wasali, babu ma'ana tukuna. Abin da na'urar Illumina ke fitarwa ke nan, guntaye masu haruffa wajen 150. Sai a ce an karanta babbaƙun halitta. Idan an harhaɗa guntayen, an gano inda wannan mutum ya bambanta da wancan, an kai farfaru, matakin karatu da wasali.

Wajen ajiya ne amfanin rabuwar nan ya fi fitowa. Don guje wa kuskure ana karanta kowane gurbi kamar sau 30, sai bayanan mutum ɗaya su kai gigabayit 100 ko kusa da haka. Mutum 1,000, terabayit 100. Ga kuɗin faifan ajiya, ga dizal na janareta don kada sabar, kwamfutar da ke riƙe bayanan, ta mutu, ga wahalar tura wannan nauyi ta intanet zuwa manyan ma'ajiyu irin su SRA a Amurka ko ENA a Ingila. Farfaru ba su da nauyi haka. Dole wata rana shugaban ɗakin gwaji ya yanke: me za a matse zuwa CRAM, tsarin fayil mai rage nauyin bayanai, me za a goge? Ra'ayina, kada a taɓa goge babbaƙu in da hali, domin manhajar gobe za ta ga abin da ta yau ba ta gani ba.

Wani malami a Agege ya ce babbaƙu kalmar karatun Alƙur'ani ce, kada a ja ta cikin boko. Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma damuwar ta cancanci a saurare ta. Amma sunan matakin koyon haruffa ne, ba sunan aya ba, shi ya sa na liƙa mata "halitta".

Abin da ya fi damuna shi ne baiwar Allah da ake ɗibar jininta a asibiti don bincike. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan gadon halitta cikin masu buƙatar kariya ta musamman. In aka ce mata, "Hajiya, za mu karanta babbaƙun halittarki, mu ajiye su shekaru, wataƙila har ƙasar waje," ta san me take sa wa hannu. Masu fassara takardun neman izini, ku gwada kalmar nan a kan mutane ku faɗa mana yadda suka ji ta.