Farfela tana kaɗawa bayan na ɗaga Hilux: kayan Beljiyam za su iya gyara ta?

Mai Dankali, Bukuru:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan motata, Hilux ce ƙirar 1994 mai injin dizal 3L, irin wadda aksil ɗinta na gaba miƙaƙƙe ne a kan sifirin. Da ita nake kwaso dankalin turawa daga gonakin Bokkos da Mangu, kuma duk wanda ya taɓa shiga waɗannan hanyoyin a watan Agusta ya san yadda taɓo yake riƙe cikin mota. Saboda haka na sa aka ɗaga ta kimanin inci huɗu da sababbin sifirin, na kuma sauya tayoyi daga masu tsayin inci 29 zuwa masu inci 33.

A cikin gona ta biya mini bukata, amma tun daga ranar, da zarar na hau kwalta na kai gudun kilomita 60 zuwa 80, sai wata kaɗawa ta taso daga ƙarƙashin kujera har madubi ya riƙa rawa. Cikin wata uku na sauya kuros (ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke gaɓar farfela) na farfelar baya, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil na baya, sau biyu. Ban da wannan, motar ta rasa ƙarfi a hawa, har sai na koma giya ta biyu a wuraren da a da nake wucewa da ta uku. Ba ni da halin sayo sabuwar farfela daga waje. Wani ya ce in je kasuwar kayan gyaran mota ta Dilimi a Jos in nemi farfelar gaba ta irin motar, a yanke a haɗa mini ita a baya. Shin wannan shawara ce mai kyau, ko kuwa asarar kuɗi zan sake yi?

Tsohon Bakanike, Farin Gada:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, ina roƙonka ka auna, domin abin da yake cinye maka kuros ba rashin ingancinsa ba ne, karkatar farfelar ce. Kuros idan yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya. A kowane zagaye yana sauri sau biyu yana kuma lafawa sau biyu. Abin da ya sa ba a jin wannan a motar da ba a taɓa ba shi ne, kuros na can baya yana warware abin da na gaba ya ƙulla, amma hakan ba ya yiwuwa sai karkatar su biyun ta zo daidai da juna, bambancin bai wuce digiri ɗaya ba, kuma kunnuwan da ke riƙe da su a kan bututun suna kan layi ɗaya. Da ka ɗaga motar, akwatin ogzilari, wanda yake raba juyi ga aksil na gaba da na baya, ya yi sama ya bar aksil a ƙasa, lissafin ya rushe. A gudun kilomita 80 farfelarka tana juyawa fiye da sau 2000 a minti guda, don haka ƙaramin kuskure ma yana zama girgiza.

Awon ba ya bukatar kuɗi. Ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗa da irin nauyin da ta fi ɗauka, ka sauke manhajar auna karkata a wayarka, ka ɗora wayar a wuri uku: faifan da ke bayan ogzilari, jikin bututun farfela, da faifan finiyon, wato ƙaramar giyar da farfela take juyawa a cikin aksil. Bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu shi ne karkatar kuros na gaba, na biyu da na uku kuma ta kuros na baya. Abin da ake so shi ne kowanne ya tsaya kusa da digiri uku. Yana iya aiki a sama da haka, sai dai kwanansa yana raguwa gwargwadon yadda karkatar ta ƙaru.

Ka kuma duba ko yaran da suka sauya maka kuros sun zare farfelar daga haƙoran zamiyarta, wato inda take ƙara tsawo da gajarta, sun mayar ba bisa layi ba. Na sha ganin mota ta zo da wannan kukan, aka zare aka juya haƙori biyu kawai, kaɗawar ta tafi. Idan kuwa farfelarka mai gaɓa biyu ce da boris a tsakiya, sauke mazaunin boris ɗin ƙasa kaɗan da ƙarfe mai kauri yakan raba karkatar tsakanin gaɓoɓin.

Direban Daji, Abuja:

Baba ya faɗi gaskiya game da awo, amma ni ina ganin a ɗagawar inci huɗu, idan farfelar gajeriya ce, awon zai nuna maka abin da ba ka so, kuma a ƙarshe shawarar da aka ba ka ita za ka bi. Na yi wannan aikin a tawa motar da kayan da na samo a kasuwar kayan gyara ta Apo, shekara biyu ke nan ina shiga da ita ƙauyukan da ke bayan Kuje da Kwali ba ta sake yi mini kuka ba.

Dalilin da ya sa ake neman farfelar gaba ta tsohuwar Hilux shi ne, a gefenta na ogzilari tana da kuros biyu a haɗe cikin gida ɗaya da wata 'yar ƙwallo a tsakaninsu, kuma wannan haɗin yana warware saurin da lafawar da kansa, ba ya jiran na baya. Sai dai akwai sharaɗin da mutane da yawa suke mantawa da shi. Da zarar ka sa irin wannan kan, dokar daidaita karkata biyu ta faɗi. Yanzu hancin finiyon ne zai ɗago ya dubi bayan ogzilari kai tsaye, ya zama kusan layi ɗaya da bututun, a bar hancin ya sunkuya daga layin bututun da digiri ɗaya ko biyu saboda sifirin yana murɗawa hancin ya ɗaga idan ka taka mai da kaya a baya. Ana yin haka da wani ƙarfe mai siffar bakin gatari da ake sawa tsakanin sifirin da mazauninsa a kan aksil. Ka nemi na baƙin ƙarfe, a ɗaure shi da notin tsakiyar sifirin, domin na alminiyam yana tsagewa a hanyar duwatsu irin taku. Kada a yi wannan dabarar a aksil na gaba ba tare da tunani ba, saboda juya shi yana taɓa tsayuwar sitiyari, motar ta riƙa yawo a hanya.

Idan za ka shiga kasuwa, ka tafi da faifan motarka a hannu ko ka zana ramukansa a kwali, domin tazarar ramukan noti huɗun nan ba ɗaya ba ce a duk shekarun Toyota. Ka riƙe kan da hannu biyu ka lanƙwasa shi ta kowane ɓangare: idan yana tafiya sumul da ɗan tauri, lafiya, idan yana ƙas-ƙas ko yana da wasa a tsakiya, ƙwallon ta mutu, ka ajiye musu kayansu komai arhar da suka yi maka. Ka duba haƙoran zamiya, ka duba bututun ko ya taɓa bugun dutse.

Mai Tana, Dilimi:

Ni aikina yanka da haɗa ƙarfe, don haka zan yi magana a kan wurin da aikin yake lalacewa. Kayan Beljiyam ba su da laifi, sau da yawa ƙarfensu ya fi na sababbin da ake kawowa yanzu, amma abin da za ka ɗauka daga cikinsu shi ne gida, kunnuwa, faifai da bututu. Kuros kuwa ka sa sabo mai kan giris, domin ba wanda ya san tafiyar da tsohon ya yi kafin ya iso Jos.

Abu na biyu, kada ka yarda a yanke bututu a tsakiya a haɗa shi baki da baki a ƙasan bishiya. Ana cire tsohuwar walda ne a kan injin tana daga wurin da kan ya shiga bututu, a tura sabon kan a ciki da matsi, a daidaita kunnuwan gaba da na baya, a ɗiga walda a wuri huɗu, a juya a auna da agogon awo, sannan a zagaye. Littafin gyaran Toyota bai yarda kaucewar bututun ta wuce milimita 0.8 ba, ni kuwa ina ƙoƙarin in tsaya a rabin haka. Tsawon ma ba a ƙiyasta shi da ido. A auna tazarar faifai zuwa faifai motar tana zaune, a sake aunawa an ɗaga ta aksil yana reto, a kuma aunawa da cikakken lodi, domin farfelar da ta gaza za ta zare a rami, wadda ta yi tsawo kuma za ta daki bayan ogzilari ta fasa shi, kuma wannan asarar ta ninka kuɗin farfela sau da yawa.

Game da rashin ƙarfi a hawa, wannan ba laifin farfela ba ne, tayoyin ne. Daga inci 29 zuwa 33 ƙari ne na kusan kashi 14 cikin ɗari, kamar ka ɗora wa injin wata giya ce a sama. Aksil ɗin Toyota mai inci takwas yana da sauƙi, domin kansa, wato gidan giyoyin da ke tsakiyarsa, yana fita gaba ɗaya a sa wani. Idan naka 4.30 ne, wato farfela tana juyawa sau 4.30 a kowace juyawar taya, kan da yake 4.88 zai mayar da kai kusan inda kake a da. Kada ka dogara da maganar mai shago; ka ƙirga haƙora da kanka. Babban faifai mai 43 da finiyon mai 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56, 39 da 8 kuma 4.88. Dole ne gaba da baya su zama iri ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa ogzilari aksil biyun za su yi ta jayayya har wani abu ya karye. Idan ba a samu guda biyu a nan ba, a kan samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Mai Dankali, Bukuru:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na auna jiya da yamma da buhu goma a baya. Farfelar tawa gaɓa ɗaya ce, kunnuwanta suna kan layi, amma kuros na gaba yana kan digiri 11, na baya kuma 7, don haka Baba, ga dalilin mutuwar kuros ya fito fili. Zan bi hanyar da ɗan'uwa na Abuja ya nuna, in nemo kan farfelar gaba ranar Asabar, in kawo wa Malam Mai Tana tare da awo ukun da ya ce. Batun kan aksil zan jinkirta shi sai bayan an sayar da dankalin bana, tunda guda biyu zan saya lokaci ɗaya. Tambaya ɗaya ta rage mini: idan aka ɗaga hancin finiyon haka, man aksil zai ci gaba da kaiwa ga boris ɗinsa na gaba, ko sai an ƙara mai sama da ramin da aka saba cikawa?