Makullin madaurin gita yana ta kwancewa, ga biki ranar Asabar

Sani, daga unguwar Bukoki a Yamai: Assalamu alaikum ƴan uwa makaɗa. Gitar da nake aiki da ita ba tawa ba ce, ta yayana ce da ya tafi Agadas neman kuɗi, ya bar mini ita amana. Da ita nake kiɗan biki ina ciyar da gida, kuma shi mutum ne da ko ƙwarzane ba ya so ya gani a jikinta. Samfurin Stratocaster ce. Na sa mata makullin madauri, wato ɗan ƙarfen da ke kulle madaurin rataya a jikin gita, don kada ta faɗi, amma kullum sai ya saki jiki, in ɗaure, ya sake saki. Ranar Asabar muna da biki a Talaje. In ta faɗi ban san da wane ido zan kalli yaya ba. Don Allah ku taimaka.

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka faɗi abin da ke kwancewa ba. Bis ɗin da ya shiga katako ne, wato ƙusa mai haƙora, ko ekurun, wato noti, da ke matse fatar madauri? Kuma wane iri ka sa?

Sani: Mai kamar kofaton doki ne, a kwalin an rubuta sunan kamfanin, Schaller. Kamar duka biyun ne. Bis ɗin cikin kwalin na sa.

Malam Isuhu: To ga matsalar nan. Kan bis ɗin asali sau da yawa ba ya shiga cikin maɓallin makulli, wato ɗan ƙarfen da bis ke riƙewa a jikin gita, sai a sa na kwali, in kuwa ya fi na asali siranta, ramin ya yi masa faɗi. Ga hunturu yana busar da katako. Yawan ɗaurewa kuma cinye haƙoran ramin yake yi. Cire bis, ka shafa farin gam na kafintoci a tsinken sakace biyu ko uku, ka cusa su har ƙasan rami, ka karye su daidai da baki. Goge gam ɗin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma. Mayar da bis da turnabis na hannu, ban da inji, da zarar ya kama ka tsaya. Kada ka rataya ta sai bayan awa 24. Ƙyallen da ke ƙarƙashin maɓalli kuma kada ka yar, shi ke kare fenti.

Abdu: Ya ɗiga supa gulu kawai, minti biyar an gama.

Malam Isuhu: A'a. Ɗigo ɗaya a kan fenti ya bar tabo, kuma yana iya manne bis ya ƙi fita. Gitar amana ce.

Mariyama: Wajen madauri fa ba a taɓa ba. Ekurun yana kwancewa ne saboda fata tana lotsewa a ƙarƙashinsa, kuma ramin madauri tsaga ce, ba zagaye ba, sai fatar ta tattare. A kai wa dukawan kasuwar Wadata su huda zagayen rami daidai kaurin ƙarfen. A sa rondel, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, a matse da kile, wato sifana, ba da yatsa ba, a ɗiga Loctite, ruwan da ke hana ekuru kwancewa, mai shuɗi, lamba 243, ɗigo ɗaya a kan haƙoran ƙarfe. Jan Loctite kada a sa, sai da zafin wuta yake kwancewa. Bakin kofaton kuma ya kalli sama, don ko fil ɗin da ke kulle makullin ya saki, maɓallin yana zaune a ciki.

Abdu: Ai duk wahalar banza ce in jabu ne. Kasuwa ta cika da kwali mai suna, ƙarfen ciki kuwa laushi, haƙoransa na cinyewa tun ɗaurin farko. Masu kawo kayan ba makaɗa ba ne, ba ruwansu. Ko tsirkiya ta kirki wuyar samu take a garin nan. Ya cire makullin, ya mayar da maɓallin asali, ya sa kaurin rondel na roba a kan madauri. Babu ekuru balle ya kwance.

Malam Isuhu: Roba tana hana madauri zamewa ne kawai, ba ta gyara ramin da ya buɗe. Ga zafin Yamai yana tsattsaga ta. In tsinke bai riƙe ba, sai a huda milimita 6, a manna sandar katako mai tauri, a sake huda siririn rami.

Sani: Nawa ba jabu ba ne, daga waje aka kawo mini. Madaurin kuma na yaya ne, ba zan bari a huda shi ba. Awa 24 ɗin ma da wuya, kowane dare muna gwaji har Juma'a. Ashana ba za ta yi ba, ba tare da gam ba?

Mariyama: Ashana ta fi tsinke laushi, murƙushewa take yi. Ka sayi wani madaurin mana, ka ajiye na yayanka.

Sani: Kuɗin sai bayan biki, yaya Mariyama. Malam, in na sa gam yau da dare, gobe da la'asar zan iya rataya ta?