Taƙaitawa: Su wa ke riƙe da wutar lantarkinmu?

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar da aka yi kan su wa ke riƙe da wutar lantarki a Najeriya da kuma mafita gare mu:

1. Kowa ya yarda cewa tun da aka sayar da kamfanonin PHCN (kamfanin wutar lantarki na gwamnati da ya gaji NEPA) a 2013, kamfanonin rarraba wuta 11 suka raba ƙasar yanki-yanki. Mu a Zariya kamfani ɗaya ne tal, shi ke riƙe da Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Ba ka da wani wurin komawa, ko a Samaru kake ko a Tudun Wada.

2. Abin da ya fi tayar da hankalin mutane shi ne taruwar dukiyar harkar wuta a hannu kaɗan. Kamfani guda ke gudanar da tashoshin samar da wuta na Kainji da Jebba, kuma masu tashar Egbin suna da hannu a kamfanin rarraba wuta na Ikeja. Ni ma nan damuwata take, domin mai samarwa kuma mai sayarwa wuyar tanƙwarawa gare shi.

3. An rabu kan mafita. Wasu sun ce gwamnati ta karɓe abinta, tunda TCN, kamfanin da ke dakon wuta daga tashoshi zuwa kamfanonin rarrabawa, na hannunta. Dattawa suka ce a tuna zamanin NEPA tukuna, lokacin da wutar ke hannun gwamnati. Wasu kuma sun ɗora fata kan dokar 2023 da ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu.

4. Shawarar da aka fi maimaitawa: a nemi mita, a adana rasit, ƙorafi kuma a rubuta shi zuwa NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, da sunan unguwa.

5. Masu walda da injin niƙa sun ce a haɗa kuɗi a sa sola, sai dai tsadar batir ta raba kawuna.