Riƙon yarinya daga gidan marayu: wa ya taɓa yi?

Ummu Shukra: Salam 'yan uwa. Shekarata 11 da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba. Mun je gidan marayu na Nassarawa a Kano, wata yarinya 'yar shekara 4 ta riƙe min gefen hijabi ta ƙi saki. Maigida ya amince. An ce ma'aikatan jin daɗin jama'a za su zo duba gida, mu kuma haya muke, ɗaki biyu. Zaman haya yana hanawa? Me suke dubawa?

Maman Biyu: Ki shayar da ita kawai ta zama muharramar mijinki.

Ummu Shukra: Shekara 4 fa na ce, Maman Biyu. Shayarwa ai cikin shekara biyu take haramtawa.

Baban Gida: Ki zo ki ɗauki nawa, uku ne, har kuɗin mota zan ba ki. Na tsakiyan ya cinye tuwon dare tun la'asar.

Hajiya Babba: 'Yata, ki saurare ni. Na karɓi yaro yana wata 8, hannu da hannu, gaban mai unguwa, ba takarda ba komai. Ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na yi masa kaciya, ni na kai shi Islamiyya. Yana shekara 7 wani ya ɓullo wai baffansa ne. Kotu ta ce ina takarda? Babu. Ranar da za su tafi da shi ya ɓuya a bayan randa. Takalmansa na makaranta suna nan ƙarƙashin gadona har yau.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya isar miki, Hajiya.

Ɗan Lauya: Shi ya sa ake bi ta ma'aikatar mata da kotu. Kano ta samu dokar kare yara a 2023, shekara 20 bayan ta tarayya. Ni dubu 30 na ga an kashe, fom da rantsuwar kotu.

Zinariya: Wace dubu 30? Yayata ta kashe sama da dubu 200.

Ɗan Lauya: To dillali ta biya.

Gwaggon Yara: Ni ko sisi ban ba kowa ba. Mata biyu suka zo, suka leƙa makwanci da banɗaki, suka tambayi sana'ar maigida, suka ɗan zanta da maƙwabta. Bayan an ba mu yarinyar ma sun dawo sau ɗaya.

Malam Na Zaure: Duk ku bar batun kuɗi. Kada a liƙa mata sunan mijinki, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta hana. Ba ta gado, amma a yi mata wasiyya, iyaka sulusi.

Hajiya Babba: Ɗan Lauya, ka taɓa goya yaro? Wanda bai kwana a asibiti da ɗan wani ba ya daina koya min doka.

Ɗan Lauya: Hajiya, da girmanki, da an bi dokar, da ta hana a ƙwace miki shi.

Zinariya: Ni abin da ke ci min rai masu ɗauko yara daga ƙauye da sunan riƙo. Maƙwabciyata tana da wata, ba ta kai goma ba, ita ce wanke-wanke, ita ce tallan awara, 'ya'yan gida suna makaranta.

Maman Biyu: Kuɗin aikin ma uwar ɗakin da ta kawo ta ke karɓewa duk wata.

Ummu Shukra: Gwaggon Yara, don Allah ku a lokacin haya kuke ko gidanku ne?

Zinariya: Jiya ma da ƙarfe goma na dare na ga yarinyar maƙwabciyar tawa a bakin famfo.