Wace kalma za mu ba KASLR kafin ranar Asabar?

Malamin Garwa: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da matasa masu gyaran waya da na'urorin rarraba intanet a nan Garwa ta Kamaru, kuma na yi musu alkawarin darasi da Hausa maimakon Faransanci. KASLR, wata dabarar kare na'ura daga masu kutse, ita ce ta tsayar da ni. Dabarar ita ce, duk lokacin da na'ura ta tashi, sai a ajiye zuciyar Linux, wato ainihin ɓangaren babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, a wani wuri dabam cikin ma'adanarta, domin mai kai hari ya rasa inda zai nufa. Ta shiga Linux a 2014 cikin sigar 3.14, ta isa firosesan ARM masu bit 64 a 2016. Ina neman sunanta, da sunan adireshin ma'adana, wato lambar da ke nuna wuri a cikinta, da ke fita waje ba da nufi ba.

Injiniyan Ngaundere: Malam, a ce "sauyin mazauni ta ƙuri'a". Kalmar ƙuri'a ce ginshiƙin, domin ƙananan na'urori da yawa ba su da wata kafa ta samun lambar da ba a iya hasashenta a lokacin tashi, sai manhajar tayarwa irin U-Boot ta miƙa musu ita. Idan lamba ɗaya take miƙawa kullum, an sauya wuri, amma kullum wuri guda ake komawa, kuma wanda ya sayi irin na'urar a kasuwa ya buɗe ta ya riga ya san sirrin sauran.

Malama daga Marwa: Ba za a ce "ajiya barkatai" ba? Ta fi sauƙi a bakin yara.

Injiniyan Ngaundere: Yaya, barkatai za ta ɓatar da su. Ba warwatsa zuciyar ake yi ba, ɗaukar ta ake yi ɗungurungum, kamar a matsar da gida alhali tazarar zaure da rumbu tana nan yadda take. Wanda ya gano zaure ya gano rumbu. Shi ya sa adireshi ɗaya tak da ya fita ya isa ya rushe kariyar, shi ya sa kuma tun sigar 4.15 a 2018 Linux take rikita adiresoshi kafin ta buga su cikin saƙonninta. Wannan fitar ni "yoyon adireshi" nake ce mata.

Modibbo: 'Ya'yana, ban gamsu ba. Duk wanda ya ji ƙuri'a a yau, akwatin zaɓe zai tuna. Adireshi kuwa Turancin Ingilishi ne da aka kawo mana daga Kano, kuma ban ga dalilin da zai sa Hausar Binuwai ta jira Kano ta yanke mata hukunci ba. Muna da "ɓad da sawu" tun kaka da kakanni. Zuciya ma ba daidai ba ce. Faransawa ƙwallon cikin ɗan itace suka kira abin, mu ma mu ce ƙwallo.

Ɗan Injamena: Allah ya gafarta Malam, idan aka ce ƙwallo yara filin wasa za su tuna. Ƙuri'a kuwa daga Larabci take, kuma a wajenmu ma'anarta ta asali ba ta ɓace ba.

Modibbo: To Larabcin ya halatta, Hausar gida ce ta haramta?

Malama daga Marwa: Modibbo, ba wanda ya raina Hausar gida. Amma littattafan da yaranmu za su samu daga baya adireshi za su gani a ciki, kuma bai kamata mu raba su da sauran masu karatu ba.

Injiniyan Ngaundere: "Ɓad da sawu" tana da daɗi, sai dai ta fi dacewa da rikita adireshi kafin bugawa, domin nan ne ake share sawu. Ba ta nuna cewa wurin zama ya sauya ba.

Malamin Garwa: Na gode muku. Zan shiga aji da "sauyin mazauni ta ƙuri'a" da "yoyon adireshi", in bar "ɓad da sawu" ga matakan toshe yoyon. Batun zuciya da ƙwallo zan gwada duka biyun a kan ɗaliban.

Modibbo: Na karɓi rabon da aka ba "ɓad da sawu". Adireshi kam ban yarda da ita ba, kuma a takarduna masauki zan ci gaba da rubutawa.