Katin girafik na faɗuwa bayan an ƙara masa gudu: me kuka gani?

Usman: Assalamu alaikum. RTX 3080 ne. A MSI Afterburner, manhajar sauya gudun kati, na ƙara wa ƙwaƙwalwar katin (wato core, mai sarrafa hoto) 150 MHz, memori 1000 MHz, na kuma kai iyakar wuta ƙarshe. Yana shafe awa guda a FurMark, manhajar gwada juriyar kati, lafiya lau, amma da an shiga wasa, kafin minti ashirin allo ya yi baƙi, ya dawo, wasan ya rufe. Zafi bai wuce digiri 72 ba.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Malam Usman. Ka taɓa abu uku a lokaci guda, shi ya sa ba ka san mai laifin ba. Amma yadda kwamfuta ta faɗi yana nuna inda ciwon yake. Baƙin allon da ke dawowa aikin Windows ne: idan kati ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, sai ta sake tayar da direba, wato manhajar da ke haɗa katin da Windows. Buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsaloli, za ka ga lamba 4101 da sunan nvlddmkm. A katunan da na gwada, yawanci gudun ƙwaƙwalwa ne ke jawo wannan.

FurMark kuma ya ruɗe ka. Nauyinsa ya yi yawa, sai katin ya ci karo da iyakar wuta ya sauke gudu da kansa, ko kusa da inda matsalar take bai je ba. A wasa kuwa, wurin da aiki ya yi sauƙi, katin kan yi tsalle ya haura 2000 MHz, nan yake tuntuɓe. Mayar da komai sifili. Bar memori, fara ƙwaƙwalwa daga 60, kana ƙara 15, domin katunan Nvidia na jerin RTX 30 da 15 suke hawa. Bayan kowane ƙari ka gudanar da Time Spy ko Superposition, manhajojin gwaji masu ba da maki, sannan wasan da ke rufewa. Inda ya faɗi, ja baya da 30.

Malama Hauwa: In ƙara a kan na Injiniya. Memorin 3080 GDDR6X ne, ba ya saurin nuna ɗigo-ɗigo ko walƙiyar launi kamar na da. In ya ga kuskure sai ya sake aika bayanan, hoto ya fito garau amma aiki ya ragu. Don haka maki za ka duba, ba ido ba. Ƙara 100, rubuta maki, ƙara 100. Da maki ya daina hawa ka wuce gona, koma baya da 200. Sannan 72 ɗin nan na ƙwaƙwalwa ne kawai. A manhajar HWiNFO64 nemi zafin memori, don a wajen digiri 110 katin ke rage gudu.

Baban Amir: Akwai wata faɗuwar daban, kada a haɗa su. Idan kwamfuta ta mutu ɗif, fanka ta tsaya, ko ta tashi da kanta ba wani saƙo sai Kernel-Power 41, fawa, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, za a fara tuhuma. Katin nan wat 320 ne a rubuce, amma yakan fizgi abin da ya fi haka nesa na ɗan ƙiftawar ido, sai kariyar fawa ta yanke wuta. Ramin kati a madabod wat 75 yake bayarwa, kowane soket mai fin 8 kuma 150. Kowane soket a ba shi wayarsa daga fawa, kada a yi amfani da waya ɗaya mai kai biyu. Gwaji mai sauƙi: sauke iyakar wuta zuwa kashi 80. In mutuwar ta daina, an gane.

Usman: Na gode ƙwarai. Lamba 4101 ce kuwa. A 105 ya faɗi, 75 ya zauna. Makin memori ya tsaya daga 800, na bar shi a 600. Sai dai da safe, farkon kunnawa, ya sake rufewa sau ɗaya.

Injiniya Bala: Kati mai sanyi ya fi hawa sama, yana ɗumama yana saukowa, shi ya sa. Danna Ctrl da F a Afterburner don buɗe jadawalin gudu da ƙarfin wuta, zaɓi ɗigon milibolt 900, kai shi wajen 1900 MHz, ka daidaita duk na damansa su kwanta a layi ɗaya. Ka yi masa rufi ke nan, zafi da cin wuta ma za su ragu. In ya faɗi, sauke 15.

Sadik: Malam Usman, kafin gwajin ƙarshe kashe XMP, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, a BIOS, don RAM marar natsuwa yana rufe wasa kamar yadda kati ke yi. In ka sabunta direba kwanan nan, goge shi da DDU, manhajar cire direba, a Safe Mode ka sake sakawa. Kuma kada ka kunna maɓallin da ke loda saitin tare da tashin Windows sai ya yi kwana uku a wasanni daban-daban bai faɗi ba.